Baba Sannu da Man Sitiyarin da Ke Ɓacewa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Baba Sannu yana buɗe garejinsa tun rana ba ta taɓa rufin kwanon ba. Yakan share fili, ya jera sifanoni a kan buhu daga ƙarama zuwa babba, sannan ya zauna kan wata tsohuwar kujerar mota yana jira. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya taɓa mota sai ya gama jin ta bakin mai ita. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Idonsa ya yi rauni, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi ya shaidi abubuwa da yawa. Ya ga ranar da Baba ya ɓoye makullin motar 'yan makaranta a aljihu saboda birkinta, direba na zage-zage, shi ko a jikinsa. Amma wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne na makon jiya.

Da hantsi wata malamar makaranta ta shigo da motarta, sitiyari na kuka kamar kyanwa. Mijinta ake yi wa wankin ƙoda sau biyu a mako, asibitin kuwa yana bayan wani hawa mai kwana-kwana. Ƙarfe biyu aka ba su. In suka rasa layi, sai wani mako, ga ƙafafunsa sun riga sun kumbura. Shekaranjiya a tsakiyar kwana sitiyarin ya sandare mata, saura ƙiris su faɗa rami. Gareji biyu ta je. Ɗaya ya ɗaure kilif ɗin da ke riƙe tiyon mai, ɗaya ya ce famfon man sitiyari ne. Duk da haka man sitiyarin bai daina ɓacewa ba.

Baba ya buɗe boned, ya tarar da kofin man ya kusa ƙafewa. Ya cika shi, ya goge tiyo da famfo tas da tsumma, ya tura farin kwali ƙarƙashin mota, ya ce a tayar. Minti goma suka wuce. Ya jawo kwalin, ya kai shi dab da hancinsa. Babu ko ɗigo. Ya tambayi kansa: ko dai yoyon yana nan, idonsa ne ya kasa?

Malama ta dubi agogo karo na uku.

"Baba, ai ka cika mata, bar ta ta tafi mana," in ji mai faci. "Kafin ka gama, mara lafiyar ya warke da kansa."

"Kai dai tsaya a kan tayarka," Baba ya ce. Ya juya ga malama. "'Yata, a gida ina kike ganin tabon mai?"

"Ba inda nake ajiye motar ba, Baba. A bakin ƙofa ne."

"Yaya kike fita?"

"Ƙofar matsattsiya ce. Sai na murɗa sitiyari hagu har ƙarshe, na riƙe shi."

Nan take Baba ya gano bakin zaren. Duk waɗanda suka duba motar, tayoyinta a miƙe suka duba ta, shi ma haka. Mai kuwa ba ya matsuwa sosai a cikin tiyo sai an kai sitiyari ƙarshe. Ya kwanta ƙarƙashi da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kara kwalin kusa da tiyon.

"Murɗa, 'yata. Har ƙarshe. Riƙe nan."

Bai ga komai ba. Sai ya ji wani ɗumi a kumatunsa. Ya fito da kwalin, ya tarar ya yi ja da mai kamar an fesa masa. Tsaga ce siririya kamar gashi a bayan tiyon, daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe. Da ta hau wancan hawan da ita, a kwana ta biyu ko ta uku man zai ƙare.

Mai faci bai ƙara barkwanci ba, ya hau babur ya sayo sabon tiyo. Baba ya ɗaura, ya zuba mai, ya ɗaga gaban motar da jak, ya yi ta kai sitiyari dama da hagu har kumfa ta daina tasowa. Ƙarfe ɗaya saura kwata, malama ta riga ta kama ƙofa.

"Sau ɗaya kuma," ya ce, ya tura sabon kwali. Ta murɗa. Ya miƙa wa mai faci kwalin. "Duba mini da naka idon."

"Fari fat, Baba."

Bayan la'asar ta kira: sun isa saura minti takwas, mijin yana kan na'ura. Sai a lokacin Baba ya wanke fuskarsa.

Baba Sannu, kai ne mai tambayar da wasu ke ganin ɓata lokaci ce. Kai ne ba ka ji kunyar aron idon maƙwabci ba, da ka ga ran mutum ne a ciki. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma masu riƙe da sifana a bayansa, kafin ku kwance famfo, ku tsaya ku tambayi mai mota yadda take fita daga gida.