Kujerar Alwala Mai Ƙaho Biyu

Ranar da aka zo neman aurena an gaya wa mahaifina cewa yaron kafinta ne, kuma ba ƙarya aka yi ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne kafin ya riƙe zarto jita ya fara riƙewa, irin mai jona wuta ɗin nan, a wani gareji a unguwar Totsi inda shi da abokansa suke hana maƙwabta barcin rana. Baba tambaya ɗaya ya yi: “Ba makaɗi ba ne dai ko?” Gidanmu gidan ’yan kasuwa ne tun kakannin da suka sauko da fatauci, kuma a wurinsu makaɗi mutum ne da ake yi wa liƙi a biki, ba wanda ake ba ’ya ba. Ga shi Baba yana cikin kwamitin masallacin unguwa. Kawun yaron ya ce a’a, Allah ya kiyaye. Washegari mijina ya kyautar da jitarsa, bayan an ɗaura aure muka tare a ɗakunan baya na gidan Baba a Zongo, ya buɗe shago a ƙofar gida.

Tun daga nan ban ƙara jin ya yi zancen kiɗa ba, amma yatsunsa ba su san an yi alkawari ba. Kan tebur, kan gwiwarsa, kan bayan jaririnmu in yana lallashinsa, kullum suna tafiya. Abin yana ba ni dariya, wani lokaci kuma yana ba ni tausayi har in kau da kai.

Sai ya kawo injin. Ƙaramin injin sassaƙa ne mai bin umarnin kwamfuta, bai fi teburin mai shayi girma ba. Ana ɗaure katako a kansa, a ba shi zane, sai wani ɗan haƙorin ƙarfe ya sauko yana juyawa yana cin katakon kaɗan-kaɗan, yana kuka kamar sauro ya samu lasifika. Da shi mijina yake sassaƙa sunayen shaguna da alluna masu rubutun Larabci na ratayawa a bango. Tsofaffin unguwa suka mai da shagon gidan kallo. Bayan la’asar sai su jera benci, su zuba wa injin ido, kowa yana cankar harafin da zai fito. Akwai wanda yake yi masa sannu da aiki in ya tsaya.

Wata rana mijina ya dawo daga unguwar Avédji a bayan zemijan, wato ɗan acaɓa, rungume da wani gungumen maɗaci mai kauri. Yadda ya rungume shi, ni da na haifa masa ɗa ban taɓa samun irin wannan runguma ba. Na ce, “Wannan fa?” Ya ce, “Aiki ne.” Na leƙa kwamfutar, na ga zane mai ƙugu siriri da ƙaho biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Jita ce.

Na ce, “Malam, a gidan Baba? A ƙofar gidansa?”

Ya ce, “Gangar jikin ce kawai. Babu wuya, babu waya. Wa zai gane? Da hantsi zan yi, kowa yana kasuwa. Kafin azahar na gama, na ɓoye.”

Da ya gama ɗin kuwa, in da wutar lantarki ta san da shirinsa. Injin ya fara da ramuka: biyu dogaye a tsakiya inda ake sa abin ɗaukar sauti, ɗaya a gefe na wayoyi, ɗaya a sama inda wuyan jita zai zauna. Yana shirin zagaye gefen kenan aka ɗauke wuta. Mijina ya zauna ya tasa katakon a gaba, bai isa ya kwance shi ba, don in ya gusa ko da kaurin farce ne injin ba zai ƙara gane inda ya tsaya ba. Ba a dawo da wuta ba sai ana sallame la’asar. Injin ya farka daidai lokacin da tsofaffi suke jera benci, Baba a tsakiyarsu.

Ina daga bayan labule ina kallo. Haƙorin ya zagaya, ya sake zagayawa, ƙugu ya fito, ƙaho ya fito. Wani ya ce faranti ne na mahauta. Wani ya ce a’a, taswirar wata ƙasa ce, ya taɓa ganin irinta. Mai goro ya ce shi dai ya ga kan bijimi, sai dai bijimin ba shi da lafiya. Sannan wani tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin nan da Akara, ya karkata kai ya ce, “Kai, ni fa kamar na san wannan abu. A otal-otal ɗin Gana…”

Baba ya katse shi. Bai kalli mijina ba, don tun da aka yi auren ba su taɓa haɗa ido ba, kunyar surukuta. Ya kalli injin ya ce, “Kujerar alwala ce ko?”

Mijina ya durƙusa, kansa a ƙasa. Surukinka ya ce abu kujera ce a gaban mutane, ina ka ga bakin cewa a’a? Ya ce, “E, Baba. Ta zamani.”

Shi kenan, magana ta zauna. Nan take tsofaffi suka ga hikimar abin. Dogon rami na sabulu ne, ɗayan na asuwaki. Na gefe na ajiye agogo da zobe. Ƙahonin kuwa na rataya carbi ne da hula. Direban ma ya ce lallai, shi ya sa ya ga kamar ya san ta. Baba ya ce a yi mata ƙafafu a kai masa tsakar gida.

Mijina ya ƙi huda ta ko da ƙusa ɗaya. Ya haɗa wani ɗan gado mai ƙafa huɗu ya ɗora ta a kai, ya shafe ta da mai har tana ƙyalli. Daga ranar Baba ya koma yin alwala a kan jitar mijina. Ruwa kuwa shi ne babban maƙiyin katakon, don haka da Baba ya tashi, sai ka ga mijina ya fito da gudu da tsumma, ya goge, ya hura ramukan, ya mai da ita inuwa, sannan ya bi bayan Baba zuwa masallaci don kada a tambaye shi me ya fito yi. Mutumin da a da sai na yi ta fama kafin ya tashi asuba, ya zama ɗan sahun farko. Labari ya bazu a Zongo. Matan unguwa suka riƙa yi wa surukansu gori da shi. Har a kasuwar Assiyéyé wata mai sayar da atamfa ta riƙe hannuna ta ce, “Ke kam kin yi dace, mijinki har kujerar babanki yake shafa wa mai.” Na ce alhamdu lillahi, na wuce da sauri kafin dariya ta kuɓuce mini.

Sannan kowane tsoho ya ce shi ma yana son irin ta Alhaji, wato Baba. Mijina ya yi ta sassaƙa gangar jita da katakon bishiyar tik, yana buga musu ƙafafu. Wani ya ce a faɗaɗa masa ramin sabulu, nasa sabulun babba ne. Wani mai ƙiba ya ce a rage ƙugun, ba ya ɗaukarsa. Kafin damina ta wuce, wurin alwalar masallacinmu ya cika da jitoci a jere, dattawa a kai suna shaƙa ruwa suna fyacewa. Wani saurayi mai kiɗa a coci ya zo wucewa a kan babur, ya waiga, ya sake waigawa, ya shiga kwata. Da aka ciro shi ya nuna da yatsa yana cewa da Faransanci ai waɗannan jitoci ne. Aka ce masa ya bugu ne a ka, aka ba shi ruwa.

Ni dariyata ta ƙare ne ranar da na shiga shago na tarar da mijina zaune a ƙasa cikin garin katako, ya ɗora wata sabuwar kujera a cinya, hannun hagunsa yana tafiya a iska inda wuya ya kamata ya kasance. Bai ji shigowata ba. Na yi fushi ƙwarai, da shi, da Baba, da kaina da na yi ta dariya wata da watanni. Na fita na sami Baba a tsakar gida, yana tashi daga kan kujerar yana dafe ƙugu, don ramukan nan sun dame shi tun ranar farko, ya ƙi faɗa ne kawai.

Na durƙusa na ce, “Baba, wannan kujerar tana sa maka ciwon baya. Kuma… Baba, ba kujera ba ce.”

Ya ce, “Tashi ki miƙo mini hulata.” Na ciro ta daga ƙahon na miƙa masa. Ya daɗe yana gyara ta. Sannan ya ce, “Ke kina ganin ban taɓa zuwa Akara ba? In na kira ta da sunanta a gaban mutanen nan, dole in hana. In na hana, yaron nan ba zai yi mini musu ba, har ya mutu. To me kike so in ce?”

Ya ƙara da cewa, “Ki gaya masa kujerar ta tsufa, ya ɗauke abarsa. Ya kawo mini benci irin na mutane.”

Wuyan jitar da wayoyinta, abokansa na Totsi ne suka kawo su, a naɗe cikin tabarma. Ramin sabulu har yau in ka kai hanci yana ƙamshin sabulun Baba. Ranar da ya gama haɗa ta, bayan la’asar, mijina ya rufe ƙofar ɗakinmu da taga, ya zauna a bakin gado. Bai jona ta da lasifika ba, kuma jitar wuta in ba a jona ta ba sautinta bai fi na cokali a cikin kofi ba. Ya fara kaɗawa a hankali, hawaye yana zuba a kan maɗacin da ya yi watanni yana kare shi daga ruwa.

Na fito don in bar shi shi kaɗai. Baba yana zaune a kan sabon bencinsa, ya jawo shi har jikin bangon ɗakinmu, inda bai taɓa zama ba, ya ba taga baya, carbi a hannu.

Ya ce, “Rediyon maƙwabta ne nake ji?”

Na ce, “E, Baba.”

Ya ja carbi ɗaya, ya ja biyu. Ya ce, “Je ki ce musu su ƙara murya kaɗan. Kunnena ya tsufa.”