Tsagar Wanzami a Gaban Alƙali

Har yau in na ga ƙahon wanzami sai raina ya ɓaci, alhali ba ƙahon ne ya yi mini laifi ba.

Ina ɗalibin aikin lafiya aka tura ni koyon aiki wani ɗan asibitin ƙauye a wajen Guri, ba da daɗewa da ba mu jihar Jigawa ba. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta nuna, shanu kuma sun matso. Wata safiya aka kawo wani manomi a amalanke. Shanu ne suka shiga gonarsa, cacar baki ta kaure, makiyayin ya sauke masa sanda a kafaɗa. Kafin a kawo shi, danginsa sun kira wanzami ya yi masa tsaga ya kafa ƙaho, wai a fitar da mataccen jini. Ni na wanke wurin. Kumburin sanda na gani, da 'yan tsage-tsage a jere kai ɗaya, irin waɗanda rabin mutanen ƙauyen suke da su a gadon baya.

Ba a jima ba sai ga wata ɗalibar lauya ta zo nemana. 'Yar wani malamin makaranta ce, mutumin Filato mazaunin Haɗejiya, tana zaman koyo a kotu lokacin hutu. Ta ce ana tuhumar makiyayin da yanka mutum da wuƙa. Ɗan sanda ya ga yanka ya ce wuƙa, dangin manomi kuma, don haushin shinkafarsu, suka ja bakinsu suka yi gum.

Na ce, "Wace wuƙa kuma? Askar wanzami ce fa!"

Ta zaro ido. "Malam, ka tabbata? A wurin alƙali sanda daban, wuƙa daban. Ɗaya ana iya sasantawa, ɗaya kurkuku ne."

Wallahi ban taɓa sanin haka ba. An koya mana wanke ciwo da ɗinki da allura, ba wanda ya taɓa ce mana ciwo shaida ne. Ita kuma dokoki na nan a kanta tar, amma ko sau ɗaya ba ta ga an kafa ƙaho ba. Na roƙi wani dattijo ya ɗaga mata rigarsa ta ga tabon tsaga. Muka rabu muna murna, mu a dole mun ceci bawan Allah.

Na samu babban malamin asibitinmu in nemi izinin zuwa kotu ba da shaida. Ko ɗagowa bai yi ba. "Allura aka turo ka koya, ba surutu ba. Ɗalibi ba ya zuwa kotu." Na ce to shi ya je, ya ce ranar ba ya nan, bai ga ciwon ba. Ita ma lauyan da take bi ya ce mata ɗaliba kunne ce kawai. Wanzami kuwa ya ce katangarsu ɗaya da manomin, in rufa masa asiri. Haka aka ɗaure makiyayin, mu biyu da muka san gaskiya muna waje muna cizon yatsa.

Da na koma makaranta na ce wa malaminmu a riƙa haɗa mu da ɗaliban shari'a, ko da ɗan zama ne. Ya yi dariya, ya ce kowa da manhajarsa. Ranar kamar in fashe don takaici.

Bayan shekaru, ina aiki a Birniwa, wani ramammen mutum mai tari ya shigo. Makiyayin nan ne da aka ɗaure. Ba shi da sanda, daga baya na ji shanun ma babu. Ashe ɗalibar nan ta raɗa masa a harabar kotu cewa akwai wanda ya ga ciwon, shi ne ya yi ta cigiyata.

Ya ce, "Likita, an ce kai ka wanke ciwon."

"Ni ne."

"Ka ga wuƙa?"

"Ban gani ba. Tsagar wanzami ce."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Da ma so nake in ji wani ya faɗa."