Gyaɗa a Ɗakin Jarrabawa

A Roni kaf, daga tasha har bakin kasuwa, ban ga wanda ya kai ni lissafi ba. Ka jibge min buhuna a sito, kallo ɗaya zan faɗa maka adadinsu, har da wanda ɓera ya fara taɓawa. Takarda ce kawai ba ni da ita. Shekara ashirin ina riƙe da makullin sito a wurin aiki, kwatsam aka ce duk wanda bai kawo shaidar cin lissafi ba bana, ya miƙa makulli ga mai takarda. Dalili ke nan na je Kazaure zana jarrabawa da furfurata, a tsakiyar sa'annin 'ya'yana.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wanda yara ke kira HCF, wato nemo lamba mafi girma da za ta raba lambobi biyu ba saura. 'Yata ta yi ta zana min har alli ya ƙare a unguwarmu, bai shiga ba. Sai ranar da muke ɓarar gyaɗa ta yi tsibi biyu ta ce, "Baba, ka riƙa cire adadin ƙaramin daga babban. Ka yi ta yi, in suka zo daidai ita ce amsa." Nan take na gane. Sai dai a ka ba ya yiwuwa, sai da gyaɗa.

Ran jarrabawa na cika aljifan rigata da gyaɗa mai ɓawo. Mai caje a ƙofa ya lalube ni ya ɗauka guzuri ne. Tambaya ta uku kuwa sai ga shi: HCF na talatin da shida da sittin. Na gwada da fensir, lambobin suka hau rawa. Ɗaki tsit, ba ka jin komai sai fanka. Malamar da ke tsaronmu, yarinya ƙarama mai jan biro, tana juya baya na fara fitar da gyaɗar. Na ƙirga sittin gefe, talatin da shida gefe, gumi na ɗiga a kai. Teburin kuma a karkace yake. Ɗaya ta gangara ta faɗi, na rantse har garin Babura an ji ƙararta.

Ina ɗagowa na gan ta a kaina, ta dafe takardata.

"Baba, mene ne wannan?"

"Lissafi ne, Malama."

"Ka san hukuncin shigo da wani abu ɗakin nan?"

Na sani. Layi ɗaya za ta ja da jan biron nan, makullin sito ya bar hannuna. Na ce, "Don girman Allah, 'yata, gyaɗa ce. Ba ta san amsa ba."

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya daga babban tsibi ta fasa, tana duba ko an cusa takarda a ciki. Ta fasa ta biyu, ta uku, tana jefa ƙwayar a baka. Ni kuwa zuciyata na cewa hamsin da tara, hamsin da takwas, ba halin magana. Ta daɗe tana jujjuya biron kafin ta ce, "Nuna min."

Na cike gurbi daga aljihu. Na cire talatin da shida daga sittin, saura ashirin da huɗu. Na cire wannan daga talatin da shida, saura sha biyu. Na sake cirewa, tsibi biyu suka zo daidai, sha biyu sha biyu. Na duba, ga ta kuwa cikin zaɓin amsoshi! Na baƙanta gurbin amsar da fensir, na gyara zama, na dube ta ina jiran yabo.

Ta saki takardar, ta dubi agogonta.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Saura tambaya arba'in da bakwai, minti goma sha biyar ya rage."