Majanyin da Na Ajiye

Ranar da aka kai ni ɗakin miji a Ƙofar Rini, mahaifiyata ta cusa wani majanyi na saƙi a ƙasan akwatina, baƙi mai ratsin fari. Da shi ta goye ni. Shekara goma sha wani abu yana nan a ninke, in fito da shi in shanya don kada asu ya ci, in mayar. Ƙannena suka yi aure suka hayayyafa, na goyi ɗan kowa, amma da zanen uwarsa. Wannan majanyin ban taɓa ɗaura wa ɗan wani ba. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta ga abin da za a ɗaure da shi ba.

Sai da na fid da rai, furfura ta fara leƙowa, Allah ya ba ni 'ya mace.

Ciwon ya fara tun ina wankan jego, a kafaɗar hagu. Na ɗauka kwanciyar shayarwa ce. Sannu a hankali hannun ya ƙi ɗaguwa. Riga sai an sa mini kamar yarinya, ɗankwali sai dai in yafa, tsifar kai kuwa na manta da ita. In na ta da kabbara hannun a ƙirji yake tsayawa. In na yi kuskure na juya ta wannan gefen cikin barci, a zaune zan farka ina salati.

Maigidana mahauci ne, a Gawon Nama yake sana'arsa. Ya lallatsa wurin ya ce, "Da karhwatar saniya ta, da na san inda zan bi da wuƙa in raba ta. Wagga kau ta hi ƙarhina." Wanzami ya yi ƙaho, kafaɗar ba ta motsa ba. Mai ɗori ya ja hannun sai da na kira sunan uwata. A asibiti likita ta ce ba karaya ba targaɗe, gaɓar ce ta daskare, kuma masu ciwon suga irina ta fi kamawa. Za ta saki, amma sai an yi haƙuri mai tsawo. Na ce ikon Allah, a Sakkwaton nan da ƙanƙara ba ta kaiwa gida daga bakin titi, kafaɗata ce ta samu sanyin daskarewa. Suka koya mini in riƙa hawa bango da yatsu kullum, ina yi ina hawaye.

Duk wannan mai sauƙi ne. Goyo ne ya karya ni. Mai goyo sai ta kama damtsen yaro ta cilla shi baya, ta kai hannu ta tallafe shi, sannan ta ja zane. Ni hannuna ko ƙuguna ba ya wucewa. Inna, uwar maigidana, da muke gida ɗaya, ita ke ɗora mini yarinyar ta ɗaure da zane. Majanyin na ce sai ranar da zan ɗaura da hannuna.

Wata hantsi ina tsaye a tsakar gida, yarinyar ta fara zama a lokacin, sai ta banƙare, zanen ya kwance. Kowace uwa ta san abin yi, hannu za ta wurga baya. Na wurga. Hannun ya tsaya a hanya, wani zafi ya soke ni har idona ya rufe, ina jin 'yata tana sulalewa a gadon bayana ban iya tare ta ba. Allah ya taimaka a kan tabarma ta faɗi. Inna ta zo ta ɗauke ta, ta shafa kanta, ta duba hannu da ƙafa, ta saɓa ta a baya. Ba faɗa ba tsawa ta ce, "Daga yau ki bari, ɗiyata. Bayana na nan, bai mutu ba."

Na bar mata goyon. Kuma 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kunya ce. Baya ne kaɗai wurin da kunyar ba ta hana ba. A nan uwa ke jin numfashin ɗanta a wuyanta, ta ɗan bubbuga shi, ba wanda zai ce ta yi rashin ta ido, ai aiki take. Wurin nan ɗaya da aka bar mini shi ciwo ya ƙwace. Ranar da Inna ta kama ni ina kuka ta ce, "Ɗiyar hwari ai ta kaka ta. Mi an naki ciki?" Gaskiyarta, haka aka saba. Ba wanda ya ga na rasa komai.

Hagu ta fara saki ke nan, ina murna, dama ta kama. Yarinyar ta yi rarrafe, ta yi tafiya, an yaye ta, duk a bayan Inna. Akwai ranar da zazzaɓi ya rufe ta, na shimfiɗa cinyata na ce ta zo. Ta wuce ni tana tangaɗi, ta je ta dafa bayan kakarta tana bubbugawa. A ranar na ji haushin tsohuwar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, na kuma ji haushin kaina.

Sakin bai zo da sanarwa ba. Ina gyara ɗaurin zane wata safiya sai na ji yatsuna sun taɓa tsakiyar bayana. Na sake gwadawa da ɗayan hannun, ya kai. Inna ta tafi barka maƙwabta, gidan ba kowa. Na buɗe akwati na ɗauko majanyin. Yarinyar tana gindin darbejiya tana wasa da 'yar tsana. Na je na durƙusa na ba ta baya na ce, "Taho ki hau."

Ta leƙo fuskata tana dariya. "Umma, ni babba ta. Goyo na jarirai na."

Na ce ko kaɗan ne, daga nan zuwa zaure. Ta maƙe kafaɗa. Sai idonta ya kai kan majanyin. Ta ja shi daga hannuna, ta ɗora 'yar tsanarta a baya, ta sunkuya ta ce, "Ɗaura mani."

Na ɗaura mata. Ya yi mata yawa, sai da na zagaya shi sau biyu. Ta miƙe ta kama zagaye tsakar gida, hannu ɗaya a baya, tana jijjiga tana ɗan gurnani a maƙogwaro. Jijjigar Inna ce sak. Tawa ba ta san ta ba.