Kaset ɗin da abokina ya yanka a gaban Gwaggo

Shekarun baya, lokacin rediyo mai kaset na tashe, na kamu da son wata yarinya a Rogo Ruma. Ni kuwa littattafan soyayya sun gama cinye mini kai. Wasiƙa ma na raina ta, sai na ɗauki muryata a kaset, har na yi kwafi biyu don kada ɗaya ya ɓace.

Da magana ta yi nisa aka tura gwaggona bincike, kamar yadda aka saba. Ta dawo garinmu Yammedi fuska a ɗaure.

"Yayanta sankarar jini ce ta kashe shi," in ji ta. "Abin a jininsu yake. Ba za ka kwaso mana ba."

Na zuba mata duk kalaman da na haddace, har da cewa zuciyata za ta tarwatse. Ta ce in ta tarwatse in share wurin.

Sai na garzaya Karaye wajen abokina mai karatun likita, ya zo hutu. Ya ji ni tsaf, ya ce in ɗauko kaset ɗina biyu da jan farce mu tafi wajen Gwaggo. A hanya kamar kekena zai tashi sama don murna.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Gwaggo, jikinmu ƙananan ƙwayoyi ne, kowacce na ɗauke da kwafin umarnin da iyaye suka ba mu, kamar kaset. Ƙwayar jini ta san inda za ta kunna, ta san inda za ta tsaya."

Ya danna rediyo. Sai ga muryata: "Ya ke tauraruwar Rogo, sanyin idanuna..."

Na nemi ƙasa ta tsage.

"Au, haka kake yi?" in ji Gwaggo. "Mu ko sannu da ƙyar."

Abokina ya zaro zaren, ya yanke wurin da na yi sallama, ya sa jan farce ya liƙa shi da guntun zaren wani kaset na kiɗa. Ya kunna. Muryata ta faɗa cikin kalangu, ba tsayawa.

"Haka ke faruwa cikin ɓargo. A ƙwaya ɗaya umarni biyu su haɗe ba daidai ba, wurin tsayawa ya ɓace, ta yi ta haihuwar fararen ƙwayoyi marasa nuna har su cika jini."

Ya sa ɗaya kwafin. Lafiya lau, har sallamata.

"Mafi yawanci a jikin mutum shi kaɗai ɓarnar take aukuwa, bayan an haife shi. Kwafin ƙanwar marigayin bai taɓu ba."

Gwaggo ta juya kaset biyun a hannunta, ta daɗe.

"Ka rantse ba za ta same ta ba?"

"Wannan sai Allah, Gwaggo. Ni ma ban tsira ba, ke ma haka."

Wannan amsar ce ta shige ta. Ta ce da ya rantse da ta kore mu.

"A sayo goro," ta ce. "Kai kuma tauraro, tashi ka ba ni wuri."

Na fita tsakar gida ina tsalle, kaji na watsewa.

Na daɗe ina zaton daɗin baki ke cin yaƙin so. Ni dai nawa, jan farce da gaskiyar abokina suka ci shi. Yankakken kaset ɗin yana cikin akwatin matata har yau. Mai kyan ne ta ce ba ta san inda yake ba.