Gonar Baba a Tsakiyar Zane

Shekarar da citta ta ruɓe a gonakinmu, ƙungiyar manoman ƙauyenmu, kusa da Fadan Kaje, ta roƙe ni in gano yadda cutar ke yaɗuwa. Ina koyar da lissafi a Kafanchan a lokacin, kuma ba na musu, ina ji da kaina.

Na bi gona gona ina rubuta ranar da ganye ya fara bushewa, da irin da aka shuka, da takin da aka sa. Na zuba su a kwamfuta, na rubuta umarnin da zai zana abin da mu 'yan lissafi muke kira bishiya. Kowace gona ɗigo ce, sai a haɗa ɗigogin duka da layuka mafi gajarta, masu kama da juna kusa da juna. Zanen ya fito tsaf. A tsakiya akwai ɗigo ɗaya da layuka suka taru a kansa kamar wayoyi a kan falwaya. Gonar babana ce.

Ni dai na san abin da zanen ke nufi. Baba ne ke sayar wa yawancinsu iri, dole gonakinsu su yi kama da tasa. Bishiyar ba ta nuna inda cuta ta taso, kuma dole ta haɗa kowa da wani ko da babu abin da ya haɗa su. Wautata ita ce na bar sunayen mutane a jikin ɗigogin maimakon lambobi. So nake a yaba mini.

Bayan sujada ranar Lahadi aka taru a ajin makarantar coci. Na yi bayani har muryata ta dushe. Babu mai kallona, takardar zanen suke miƙa wa juna. Ciyaman ɗin ƙungiyar, wani dattijo da suke rera waƙa tare da Baba a kwayar coci, ya ɗora yatsa a tsakiyarta.

"Malama, kin ce bishiya ne. To, wannan ba shi ne saiwan ba?"

"Ba ta da saiwa, Baba Ciyaman."

Ya ninke takardar, ya sa a aljihu. Aka tashi ba a yi addu'ar rufewa ba.

A hanyar gida Baba ya tambaye ni, "Kwamfuta ɗin ya ce ni ne?"

"Ba ta ce ba, Baba."

"Ya ce ba ni ba ne?"

Wannan ma ba ta ce ba, sai na kau da kai na ci gaba da tafiya. Na tsani kaina a kan wannan, har yau ma.

Washegari da safe babura suka fara tsayawa a ƙofar gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da buhun ruɓaɓɓiyar citta a baya. Sun riga sun yanke cewa daga wurin Baba cutar ta fito. Babu wanda ya yi sallama. Baba ya wanke fuska, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce in shiga da Mama ɗaki, kuma in ya fita in sa sakata.