Sandar Kawu a Kan Inji

Ɗiyata ce ta fara faɗa, ranar da nake ɗumama mota a ƙofar gida a Kalgo. Ta ce, “Baba, motar nan ta ƙara kuka.” Na kashe, na sake tayarwa, na kasa kunne. Ni dai kukan da na sani shi na ji. Kuma ka sani, ni mutum ne da ko ƙusa ta kwance a ƙofar mota sai na tsaya gefen hanya na duba. Da wannan tsohuwar mota nake ɗaukar fasinja, da ita nake ci da gida. In akwai abin da take faɗa ban ji ba, to ranar da za ta tsaya mini a daji ta kusa.

Na zauna a kan dakali, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ƙanen Inna ne. A ruga ya tashi, wajen Ceberu, har shanun suka ƙare, ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana kai albasa kasuwanni daga Gwandu. Gidanmu kullum warin albasa da baƙin mai yake, har a zanen gado. Sandarsa ta kiwo bai yar ba. Da ita yake duba mota: ya kafa bakinta a jikin inji, ya manna ɗaya bakin a kunne, ya runtse ido, kamar yadda dā yake sauraron haƙarƙarin saniya mai tari.

Ina aji uku a firamare, da bazara, lokacin da ake kwasar albasa, kukan motar ya canja. Tun daga kwanar masallaci muke sanin ya dawo. Kaji na watsewa, jariri na farkawa. Kowa a gidan ya ji, ba wanda ya ce uffan. Kawu kuwa ya sauko yana shafa bonet, yana yabon lafiyarta.

Wata safiya Inna ta tura ni da gwiwar hannu. “Tai ka tsaya kusa ga kawunka. In ya tambaye ka, ka faɗi abin da kaj ji.”

Na je. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, sannan ya miƙo mini sandar.

“Taho in koya maka, ɗan boko. Mi kaj ji?”

Sandar ta shiga da ƙarar har cikin haƙorana. Na ce wani abu na kaɗawa daidai daidai, kamar keken ɗinki.

“Wannan lafiya ce. Matsa baya.”

Ya koya mini cewa in fanbel ne, kukan siriri ne kamar na ɗan akuya. In mai ya yi ƙasa, ƙwanƙwasa ce, kuma ita ce abin tsoro. Na bi sandar wuri wuri, gabana na faɗuwa kada in faɗi ba daidai ba motar ta mutu saboda ni. Inji ƙalau yake. Sai ya cusa tsumma a bakin salansa, ya ce in duƙa. Can ƙarƙashi na ji iska na huci, na ga baƙin hayaƙi ya zana wani tsagi a jikin bututun. Na nuna masa.

Ya gyaɗa kai. “Haka ni ma na ji.”

Daga ranar, duk sanda kuka ya canja, ni ake kira a koya mini. Kullum kuma haka shi ma ya ji. Na yi shekaru ina ɗauka ɗalibi ne ni. Sai bayan rasuwarsa Inna ta ce kunnensa ya daɗe da tafiya, kuma a gidanmu ba a duban babba a gaya masa haka. Sai dai a tura masa yaro.

Yanzu makanikai na da na'urar da suke maƙala wa mota ta faɗi ciwonta, amma tawa ta girme wannan. Sandar Kawu ta ɓace tuni, sai na ɗauko muciyar uwar gidana, na kira ɗiyata, na ce ta zo in koya mata. Ta manna kunne, ta runtse ido, ta bi inji a hankali. Sannan ta ɗago ta yi magana. Na ga bakinta na motsi, inji na ruri, ban kama ko kalma ɗaya ba.

Maganar Kawu tana kan harshena. Na juya ta, na juya ta, na kasa. Ƙarya ce, komai ƙanƙantarta, kuma gobe akwai mutane a cikin motar.

Na kashe inji. Na ce, “Sake faɗa mini, Uwata. Da ƙarfi.”